An karɓi kuɗina, an ba ni abin da ban saya ba: in yi magana ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, a sakaya sunana.

Ranar Asabar na kai yara wani gidan abinci na zamani a nan Kano, irin wanda ake biya a kanta kafin a zuba maka. Na yi odar jalof da kaza da shawarma. Na miƙa kati, POS ya ƙi, ga kuma alat ya shigo wayata an cire kuɗin. Yarinyar kanta ko kallon wayar ba ta yi ba, ta ce sai dai in sake biya, in je bankina. Na biya da tiransfa. Muka zauna har waɗanda suka zo bayanmu suka karɓa suka tafi. Da na koma tambaya na tarar hira take da abokin aikinta, sai da na ɗaga murya sannan ta ce ai shawarma ta ƙare. Na ce to ba ni kuɗina, ta ce ba sa mayar da kuɗi, in zaɓi wani abu. Yara sun fara kuka, na karɓi mitfai muka fito. Da muka isa gida kazar sanyi ƙalau.

Maigida ya ce in bar su da halinsu. Ni kuma abin na ci na, har na yi dogon rubutu zan sa a Facebook da sunan wurin da hoton yarinyar. Ban tura ba tukuna. Me kuka gani?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ko me za ki yi, hoton yarinyar nan ki goge shi tukuna. 'Yar wani ce. Su kore ta gobe su ɗauki wata, wurin yana nan yadda yake.

Tsohon ma'aikacin gidan abinci:
Hajiya, na yi wannan aikin a Kaduna, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki. A inda na yi, mai kanta ba shi da ikon mayar da ko naira ɗaya. Da zarar an buga oda a kwamfuta, manaja ko sufabaiza ne kaɗai ke iya soke ta. In aka tashi lissafi da dare aka ga giɓi, daga albashinka za a cire, albashin da bai kai naira 70,000 ɗin da gwamnati ta tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙaranci ba. Shi ya sa "ba ma mayar da kuɗi" ke saurin fita daga bakinmu: gudun kiran oga ne, don in ya fito kai zai fara yi wa faɗa. Shawarmar ma sau da yawa kicin ba sa sanar da kanta cewa ta ƙare sai an riga an karɓi kuɗi.

Ban wanke ta ba fa. Hira ana jiranka rashin tarbiyya ne, ko nawa ake biyanka. Amma faɗa da ita ɓata yawu ne. Abin da za ki ce kawai shi ne, "Don Allah kira min manaja," ki tsaya a nan kanta da rasit a hannu, kada ki koma ki zauna. Layi na taruwa a bayanki, cikin minti kaɗan za ki ga an fito. Kuma ki riƙa buɗe leda a gabansu kafin ki bar wurin. In kin fita, gardama ta zama bakinki da nasu.

Wani ma'aikacin banki:
Maganar POS kam gaskiya ta faɗa miki, sai dai ba ta iya faɗa ba. In na'urar ta nuna an ƙi, kuɗin bai shiga wurinsu ba, yana maƙale tsakanin bankuna. Umarnin da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar a 2020 ya ce a dawo da irin wannan kuɗi na POS cikin awa 72. In sun wuce haka ki kai ƙorafi bankinki da ɗan takardar da na'urar ta fitar, ki karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya cika ba su warware ba, sai ki rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Allah ya sa dai ba ki bar takardar a kan kanta ba.

Hajiya Babba:
Ni dai 'yata, maganar mijinki ita ce. Kan shawarma za ki ɗaga hankalinki? Ki ɗauke ƙafa, Kano ba ta ƙare da wajen cin abinci ba. Kuma mu ma mu ji tsoron Allah, na sha ganin mutum ya shigo ba sallama, yana "ke, zo nan" kamar baiwarsa.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya Babba, a gafarce ni, wannan haƙurin namu ne ya lalata su. In kowa ya ɗauke ƙafa shiru, mai wurin da ke zaune a Abuja ko Legas yaushe zai san dalili? Sai ya ce tsadar rayuwa ce ta kori mutane.

Wata lauya:
Haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗi ikon a mayar masa idan ba a ba shi abin da ya biya ba, kuma cewa "ba ma mayarwa" ba ya soke wannan. Hukumar na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, tana kuma da haƙori: a Fabrairun 2024 ta garƙame wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke jikin kaya ya saɓa da wanda ake karɓa a wajen biya. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Da a ce kazar lalacewa ta yi, ba sanyi kawai ba, sai in ce ki haɗa da duba-gari.

Batun Facebook kuwa, ki taka a hankali. A 2023 wata mata a Legas ta yi sharhi kan wani tumatirin gwangwani, ta ƙare a hannun 'yan sanda, daga baya aka kai ta kotu ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ban ce hakan daidai ba ne, amma ya faru. In za ki rubuta, ki tsaya kan abin da rasit zai tabbatar: rana, abin da kika biya, abin da aka ba ki. Ban da zagi, ban da "guba suke sayarwa". Da ni ce ke, manajan zan fara samu. Rubutun ya jira.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na goge hoton. Takardar POS da rasit duk suna jakata, kuɗin dai har yanzu shiru, gobe zan shiga banki. Amma mitfai ɗin mun riga mun cinye, da wane ido zan je wa manaja?

Tsohon ma'aikacin gidan abinci:
Shawarma ta fi mitfai tsada, rasit ɗinki kuma shawarma ya nuna, don haka cikon kuɗinki yana wurinsu. Ki je da hantsi kafin cunkoson rana, lokacin manaja yana ofis kuma bai hargitse ba. Ki tambayi sunansa, ki rubuta a gabansa, sannan ki fara bayani.