Neman kalma: me za mu kira "atheist" idan yana da addini?

1/
Malamai da 'yan uwa, a taimaka mana da kalma. Duk lokacin da kalmar Turanci "atheist", wato wanda bai yarda akwai Allah ba, ta faɗo cikin labari, sai ka ji mai fassara ya ce "marar addini" ya wuce abinsa. Ni dai fassarar nan ba ta kwanta min ba, domin akwai masu addini sosai, da wurin ibada da azumi da malamai, waɗanda in ka tambaye su wa ya halicci duniya za su ce maka babu wanda ya halicce ta.

2/
Ku dubi mabiya addinin Jain a Indiya. Ƙidayar 2011 ta same su kusan miliyan 4.5. Babban malaminsu na ƙarshe, Mahabira, shi ne na 24 a jerin malamansu, kuma ya yi zamani da Buda, wanda ya kafa addinin Buda. Sufayensu kan share wuri da tsintsiya mai laushi kafin su zauna, kada su danne ko tururuwa. Wasu na ɗaure ƙyalle a baki. Nama haramun ne a wurinsu, masu tsanani ma ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, don tono su yana kashe ƙananan halittun ƙasa, kuma in rana ta faɗi an rufe cin abinci sai gobe. Amma aƙidarsu ƙarara ita ce duniya ba ta da farko, ba ta da ƙarshe, ba wanda ya yi ta. To wannan mutumin, da wane baki za ka ce masa marar addini?

3/
Akasin haka ma akwai. A Amurka da Turai mutane da yawa za su ce maka ba su cikin kowane addini, amma sun yarda akwai Allah. Su ne marasa addini na gaskiya. Ke nan tambayoyi biyu muka cusa cikin kalma ɗaya: kana da addini? Ka yarda akwai Mahalicci?

4/
Wani ya ce min ai ga "arne" nan. A'a, Malam. Bamaguje bai taɓa musun Allah ba. Ya san da Shi, yana rantsuwa da Shi, sai dai harkarsa ta yau da gobe da iskoki yake yi. "Mushriki" kuwa abubuwan bauta ne suka yi masa yawa, mu kuma wanda ya ce babu ko ɗaya muke nema wa suna. "Kafiri" hukunci ne na addini mai faɗi, ba ya gaya wa mai karatu abin da mutumin ya ƙudurta.

5/
"Mulhidi" ita ce ta fi kusa, kuma ita Larabawa ke amfani da ita a yau. A wa'azi ko littafin tauhidi ba ni da ja. Amma asalin ilhadi karkacewa ne, kauce wa hanya. Ta dace da wanda ya taso cikin imani ya fita. Wanda ya gaji aƙidar nan kaka da kakanni, shekara fiye da 2,500, daga wace hanya ya kauce a nasa lissafin? Ga shi kuma kalmar a kunnen Bahaushe zagi ce. Mai rubuta labari bayani yake nema, ba fatawa ba.

6/
Wata Malama ta tuna min "Dahriyya", kuma ta kawo abu mai kyau. Suratul Jasiya aya ta 24 ta ambaci masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya, ba abin da ke halaka su sai zamani. Wannan kam ya yi daidai da wanda ya musa komai: Mahalicci, rai, lahira, sakamako. Sai dai ɗan Jain bai shiga nan ba. Ya yarda da rai, ya yarda aikin mutum na bin sa har rayuwa ta gaba, don haka ma yake wahalar da kansa da azumi.

7/
Na ɗan yi sha'awar "kore", tunda malamanmu na cewa kalmar shahada korewa ce da tabbatarwa, shi kuwa mutumin nan a korewar ya tsaya. Amma "mai kore Allah" sai ka ji kamar wanda ya ɗauki sanda, wa'iyazubillahi. "Korau" kuma ba ta taɓuwa; Katsinawa ba za su yafe mana ba in muka ɗauki sunan Muhammadu Korau muka liƙa wa wannan.

8/
Ga inda na tsaya, a gyara min in da gyara. Kalmomi biyu muke buƙata. "Mai musun Mahalicci", jam'i "masu musun Mahalicci", aƙidar kuma "musun Mahalicci". Sai "mai musun gaibu" ga wanda bai yarda da komai ba sai abin da ido ya gani ko awo ya tabbatar. Mafi yawan Turawan da ke kiran kansu "atheist" duka biyun ne. "Marar addini" kuma a bar ta a ma'anarta.

9/
Da wannan rabon, tambayar ko irin wannan mutum zai iya zama cikin addini ta fi sauƙin amsawa. Ɗauki addinin Buda irin na Siri Lanka da Tailan da Miyanma. Mai shiga abu uku yake furtawa: ya fake da Buda, ya fake da koyarwarsa, ya fake da jama'ar sufaye. Ba wanda zai tambaye shi zancen Mahalicci, koyarwar ma ba ta yarda da shi ba. Akwai misalin da ake danganta wa Buda, na mutumin da aka harba da kibiya mai dafi ya ce ba za a cire ba sai ya san sunan maharbin da danginsa da irin iccen bakan. Zai mutu bai sani ba. Haka Buda ya ɗauki tambayoyi irin su ko duniya na da farko. Don haka mai musun Mahalicci zai shiga salin-alin. Mai musun gaibu ne zai ci tuntuɓe, domin littattafansu cike suke da sake haihuwa bayan mutuwa, da wutar azaba, da wasu halittun sama da ake kira deba, masu tsawon rai amma su ma mutuwa suke. Akwai Turawa da ke ɗaukar zaman natsuwa da zurfafa tunani da addinin ke koyarwa su ajiye sake haihuwar, kuma har yau ana jayayya a cikin gida ko abin da ya rage sunansa addinin Buda.

10/
Inda duka biyun ke samun shiga shi ne addinin da ke tsaye a kan zama ɗan jama'a. A 1963 wani malamin Yahudawa, Shawin Wayin, ya kafa majami'a kusa da Ditiroyit a Amurka, inda daga baya aka cire ambaton Allah daga addu'o'i amma aka riƙe Asabar da bukukuwa. Yahudawa masu riƙo da tsohuwar hanya ba su yarda da aƙidarsa ba, amma a dokarsu wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne ko me ya ƙudurta. Ita ma Kotun Ƙolin Amurka a 1961, a shari'ar wani mutumin jihar Merilan da aka hana muƙami don ya ƙi furta cewa ya yarda akwai Allah, ta lissafa addinin Buda da na Tawo, wani addinin ƙasar Sin, cikin addinan da ba sa koyar da wannan imanin.

11/
Su kansu addinan fa? "Addini marar Mahalicci" na da harshen damo, wani zai ji kamar addinin ne ba wanda ya ƙirƙira. Na fi son "addinin da bai sharɗanta imani da Mahalicci ba". Doguwa ce, amma ba ta ruɗa kowa.

12/
Saura guda da ta gagare ni. "Musu" na nuna mutum ya tsaya a kan cewa babu. To wanda ya ce shi bai sani ba, kuma yana ganin ba mai iya sani? "Mai shakka" ta yi sauƙi, don mumini ma shakka kan ziyarce shi. "Ɗan ban-sani-ba" ta zo min, a kan ƙirar 'yan ba-ruwanmu, amma ina tsoron a ɗauke ta ba'a. Malaman Hausa, muna saurarenku.