Turjiya ko juriya: wace kalma ce ta dace da darasin lantarki?

Malamai da 'yan uwa, assalamu alaikum. Ina koyar da fiziks da yamma ga wasu yara a Agege waɗanda ke shirin jarrabawar WAEC, kuma ko da yake da Turanci za su rubuta amsa, da Hausa nake warware musu abin da ya cije. Babin lantarki ne ya fi ba ni wahala, domin kalma ɗaya muke da ita, wato wuta, kuma ita muke ɗora wa kowane kaya: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta yi ƙasa, wuta ta ja shi. Littafin kuwa ya raba wutar nan gida uku, kowanne da ma'auninsa: amfiya, om da bolt.

Biyu daga cikin kalmomin da nake nema ba su tayar da gardama ba. Hanyar da ta tashi daga batir, ta bi waya da makunni da ƙwan fitila, ta komo batir, mun kira ta kewaye, domin da zarar an yanke ta ko'ina fitila za ta mutu. Abin da ke gudu a cikinta, wanda ake aunawa da amfiya, mun kira shi kwarara.

Gardamar tana kan kalmar da Turawa ke cewa resistance. Na ga wasu suna rubuta juriya, kuma a ganina kuskure ne. Juriya halin mai haƙuri ne da wahala, kuma yabo ce. Idan na ce wa yaro wannan waya tana da juriya, abin da zai fahimta shi ne ba ta saurin lalacewa, alhali abin da ake nufi shi ne tana hana kwarara wucewa cikin sauƙi. Kalmar da nake ba da shawara ita ce turjiya, irin ta jakin da ya kafe ƙafafu ana jan sa.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Alaba ya ƙalubalance ni, ya ce jaki idan ya turje ai ba ya tafiya, ita kuwa waya tana barin wuta ta wuce. Na amsa masa da cewa jakin da ya turje yana motsawa idan aka ƙara ƙarfin ja, sai dai tafiyarsa gwargwadon jan ce da kuma gwargwadon taurin kansa. Wannan ita ce ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, wanda aka sa wa ma'aunin turjiya sunansa, wato om: a raba adadin bolt, wanda shi ne jan, da adadin om, abin da ya fito shi ne amfiya. Batirin mota mai bolt 12, idan aka haɗa shi da turjiyar om 4, zai ba da amfiya 3. Idan turjiyar ta koma om 6, kwararar ta sauka zuwa amfiya 2. Jan ƙarfe turjiyarsa kaɗan ce, shi ya sa ake yin waya da shi, robar da aka lulluɓe shi da ita kuwa ta kai matuƙa a turjiya. Doguwar waya ta fi gajera turjiya, siririya ta fi mai kauri, kuma yaran Legas ba sa buƙatar dogon bayani a nan, tun da sun san abin da ke faruwa a Oshodi idan layi huɗu na motoci ya koma ɗaya.

Abin da ya ƙara kwanta min da kalmar shi ne tana tafiya da zafi, kamar yadda igiya ke ƙona tafin mai jan jaki. Dutsen guga da hita da gangan aka sa musu waya mai turjiya don su yi zafi. Siririyar wayar da aka ɗora wa firiza da fanka da hita a shago ɗaya ita ma tana zafi, amma ba da son kowa ba, kuma daga nan gobara kan tashi.

Shi kuma ɗan ƙaramin abin nan mai zobba masu launi da ake lanƙaya wa a allon rediyo, dattijon ne da kansa ya ba ni sunansa, ya ce tarnaƙi, domin tarnaƙi ba ya hana doki tafiya, taƙaita masa taku kawai yake yi, kuma da niyya ake ɗaura shi. Na karɓa nan take, ko da yake na san masu sana'ar za su ci gaba da cewa rezista a bakin aiki.

Saura kalmar abin da ake aunawa da bolt. Na guje wa ƙarfi saboda zan buƙace ta ga abin da ake aunawa da wat. Ina tsakanin turi da matsi, kuma na fi karkata ga turi, domin a ranar da fanka ke juyawa da kyar muna cewa wuta ta yi ƙasa, turin ne ya gaza kaiwa bolt 230 da ya kamata ya shigo gida. Malaman da ke koyar da wannan babi, wace kuke amfani da ita a aji?