Murar yara a lokacin hunturu: abin da iyaye mata suka tattauna

Da sanyi ya shigo, hira ta ɓarke tsakanin iyaye mata kan mura da tarin yara, har wata ma'aikaciyar jinya ta sa baki. An yarda cewa yawancin mura tana wucewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, kuma amoxicillin da ake saurin sayowa a kemis ba ya maganinta.

Zuma ce ta fi jan gardama. Ƙaramin cokali kafin barci yana lafar da tari, amma sai yaron da ya cika shekara 1. Jariri kam ko lasa kada a ba shi, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki. A ci gaba da ba shi nono, a ɗiga masa ruwan gishirin hanci in ya toshe. Yaran da suka ɗan girma kuwa a ba su kunu mai ɗumi da ruwa akai-akai. Maganar a rage turaren wuta da hayaƙin itace a ɗaki ba ta yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ce.

Malama nas ta nace a ƙirga numfashi na minti guda. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙirji yana lotsawa, ko yaron ya ƙi nono, sai asibiti nan take, don yana iya zama ciwon huhu. In akwai zazzaɓi, a gwada maleriya tukuna.