Ziyarar haikalin rana na Konark: wa ya taɓa zuwa?

Uban ɗaliba: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A watan Disamba, in Allah ya yarda, zan je Bhubaneswar da ke jihar Odisha ta ƙasar Indiya duba 'yata da take karatu a can, tare da mahaifiyarta da ƙaninta ɗan shekara 11. Yarinyar ta dage sai mun je Konark mun ga haikalin da mabiya addinin Hindu suka gina wa Surya, abin bautarsu na rana. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa game da hanya da lokaci, da kuma ko wurin ya dace mutum ya kai iyalinsa.

Ɗalibi a Odisha: Wa alaikumus salam, Baba. Daga Bhubaneswar zuwa Konark kimanin kilomita 65 ne, daga garin Puri kuma kimanin 35, kuma hanyar Puri ta fi daɗin bi domin a gefen teku take. Shawarata ku ɗauki shatar mota ku fita bayan sallar asuba, saboda ginin gabas yake fuskanta, hasken safiya ne yake fito da sassaƙar sosai, kafin motocin 'yan makaranta su cika harabar. Kun dace da wata, domin daga Afrilu zuwa Yuni zafin yankin ba ya barin mutum ya tsaya a kan dutse. Sai dai daga 1 zuwa 5 ga Disamba ake bikin raye-raye na shekara-shekara a garin, masauki kan yi wuya. Ku riƙe fasfo, kuma kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba.

Injiniyan gini: Alhaji, ni aikina gini ne, kuma na yi awa huɗu a wurin ban gaji ba. Sarki Narasimhadeva na Ɗaya, na daular Ganga ta Gabas, shi ya sa aka gina shi wajen shekarar 1250, aka tsara ginin gaba ɗaya da siffar keken doki mai ƙafafu 24 wanda dawakai 7 suke ja. Kowace ƙafa faɗinta ya kai kusan mita 3, an sassaƙa ta a jikin ginin da manyan sanduna 8 da sirara 8 a tsakaninsu, har kan ƙusar da ke riƙe ƙafar ba a manta da shi ba. Ku tsaya a gaban guda ɗaya kada ku yi sauri. Ɗan jagoranmu ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙafar, ya bi inda inuwar ta faɗa a kan ƙananan ƙwallayen da ke gefen da'irar, ya faɗi lokaci, na duba agogona na ga bambancin 'yan mintuna ne kawai, domin tsakanin babbar sanda da 'yar'uwarta awa 3 ne. Hoton wannan ƙafar ne a bayan sabuwar takardar kuɗin Indiya ta rufi 10, don haka ku ba yaron guda ya riƙe ya gwada da ta gaske.

Kada ku sa ran shiga ciki. Babbar hasumiyar ta rushe tun da daɗewa, babban abin da ya rage a tsaye shi ne zauren taro, wanda Turawan Ingila suka cika da yashi suka toshe ƙofofinsa a 1903 don kada shi ma ya faɗi. Dutsen da aka yi yawancin ginin da shi iskar teku mai gishiri tana cin sa, shi ya sa za ku ga fuskokin wasu gumakan sun shafe, alhali gumakan Surya da aka yi da wani koren dutse mai tauri suna nan kamar jiya aka gama su.

Hajiya mai jinya a Kolkata: Alhaji, duk abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da ya tsallake wanda uwa ba za ta tsallake ba. A jikin bangon akwai sassaƙar maza da mata a halin saduwa, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma wasu suna daidai idon yaro. Ni ban sani ba na je da jikata, kuma ɗan jagoran da muka ɗauka a bakin ƙofa can ya fara nufa da mu, sai da na dakatar da shi. Ku gaya wa naku tun kafin ku biya shi cewa ƙafafun keken da dawakai da giwaye kuke son gani. Layin ƙasa na ginin giwaye ne jere da juna, ɗaruruwa, wannan kaɗai ya ishi yaro kallo. Ku kuma ce ya nuna muku inda aka sassaƙa raƙumin dawa ana kawo wa sarki, dabbar da babu ita a Indiya, na daɗe a gabansa ina tunanin yadda labarinta ya tsallaka teku daga Afirka. Ku tafi da darduma da abincinku, mu a gaɓar tekun Chandrabhaga muka yi azahar, kimanin kilomita 3 daga wurin.

Malamin tarihi: Ina goyon bayan Hajiya. Abin da zan ƙara, wanda na san yana ran Alhaji ko da bai faɗa ba, shi ne yanzu ba a gudanar da bauta a cikin wannan haikalin. Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ce take riƙe da shi, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Duk da haka za ku ga Hindu da yawa suna girmama wurin, ya kamata a rage murya kuma a guji hawa kan sassaƙar don ɗaukar hoto. Idan kun bi ta Puri, kada direba ya ce zai kai ku cikin haikalin Jagannath, domin ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga. Ni kaina na fi son haikalin rana na Modhera a jihar Gujarat, wanda ya girmi Konark da fiye da shekara 200, saboda tafkin matattakala da ke gabansa, amma yana can yammacin ƙasar, bai dace da wannan tafiyar ba.

Uban ɗaliba: Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ƙara sauƙi. Mun tsayar da mako na biyu na Disamba. Shin wuni ɗaya zai isa, ko sai mun kwana?

Ɗalibi a Odisha: Wuni ɗaya ya isa, Baba. Ku ba haikalin awa 3 da safe, ku leƙa gidan adana kayan tarihi da ke kusa inda aka tara sassaƙar da ta faɗo daga ginin, sannan ku koma Bhubaneswar kafin magariba, domin a Disamba rana tana faɗuwa a can jim kaɗan bayan ƙarfe 5.