Muhawara: kwashe kaya daga tirela zuwa jirgin ƙasa zai rage hayaƙi tsakanin Legas da Kano?

Malamin jami'a: Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna: idan aka mayar da dakon kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas zuwa Kano kan dogo, iskar kabon da kowane tan ke jawowa za ta ragu da fiye da rabi. Ga lissafin. Hanyar mota kusan kilomita 1,000 ce. Tirela mai tan 30 tana shan kamar lita 40 a kilomita 100, wato lita 400 a zuwa kawai. Litar dizal ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Ka ga tafiya ɗaya ta haura tan guda na hayaƙi, kilo 36 ke nan a kan kowane tan na kaya. A Amurka jirgin kaya yana cin kashi ɗaya cikin uku zuwa huɗu ne na man da mota za ta ci a kan kaya iri ɗaya, domin tayar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da jan da tayar roba ke yi a kwalta, kuma kai ɗaya ne ke keta iska, taragai na bin bayansa.

Mai tireloli: Wa alaikumus salam Malam. Lita 400 ɗin ban musa ba, wani lokaci ma ta fi haka saboda ramuka da cunkoso. Amma zuwa kaɗai ka lissafa. Tirelar da ta kawo kaya Kano ba ta komawa fayau: tana ɗaukar masara daga Dawanau, ko albasa, ko shanu daga Wudil. Man dawowa yana da kayansa. Jirgin kwantena kuwa, in bai samu lodi ba, taragai zai ja babu komai har Legas, kuma wannan man ma dole a ɗora shi kan kwantenar da aka kawo. Sannan jirgi ba ya zuwa ƙofar sito a Kantin Kwari ko masana'anta a Sharaɗa. Mota ce za ta ƙarasa.

Injiniyan dogo: Alhaji, ƙarashen cikin gari bai kai ya rushe lissafin ba. Daga tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, inda ake sauke kwantena kamar a tashar ruwa, zuwa ko'ina a Kano 'yan kilomitoci ne, man da za a ƙona kaɗan ne a kan lita 400. Inda Malam ya zarce shi ne ɗauko adadin Amurka. Can jirgi ɗaya kan ja tarago sama da 100. Mu layin da ya haɗa Legas da Kano shi ne tsohon nan mai faɗin milimita 1,067, wanda ya iso Kano tun 1911, tsawonsa kilomita 1,126, ya ɗara hanyar mota. Layi ɗaya ne. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashar da ke da layin raɓewa, kuma tsawon wannan layin raɓewar shi ke yanke yawan taragan da za a haɗa. Jirgin da ke jira bai kashe inji ba mai yake ci. Duk inda dogo ya yi rauni, ko aka sace ƙusoshin da ke riƙe shi, sai a sa dokar rage gudu, direba ya taka birki ya sake ja, nan ma mai ne. Duk da haka jirgi zai fi tirela sauƙin hayaƙi, amma ba zan sa hannu a kan ragin kashi 75 cikin 100 irin na Amurka ba.

Malamin jami'a: Sabon layin fa, Injiniya?

Injiniyan dogo: Mai faɗin 1,435 a gutsure yake. Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, an buɗe a 2021. Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, tun 2016. Tsakanin Ibadan da Abuja babu. Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi an ƙaddamar da aikinsu a 2021. Tarago na sabon layi ba ya hawa tsohon layi, don haka kwantenar da aka sauke a tashar Moniya da ke Ibadan sai an sa injin ɗagawa an canza mata tarago, ko ta hau tirela ta ci sauran kilomita sama da 800. Wannan yana rage cunkoson Apapa, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma mafi yawan hayaƙin yana nan.

Wakiliyar fiton kaya: Ku yi haƙuri in shigo. Duk wannan lissafin bai da amfani in mai kaya bai yarda ya ba jirgi kwantenarsa ba. Abin da ɗan kasuwa ke tambaya shi ne yaushe za ta iso. Kamfanin jirgin ruwa yana ba da 'yan kwanaki na kyauta, daga nan tara ke hawa kullum har a mayar masa da kwantenarsa, ga kuɗin ajiya da ya riƙe. Jirgin da ba ya tashi sai taragai sun cika zai iya cinye kwanakin nan a tsaye. Kuma sai takardar kayan ta nuna Kano ko Kaduna ce tashar ƙarshe tun daga ƙasar da aka yi lodi, kwastam su duba a can, in ba haka ba za a buɗe ta a Apapa a sake buɗewa a nan. Tashar tsandauri ta Kaduna tun 2018 take, ta Dala 2023, ta Funtuwa 2024. Gini akwai. Jirgi mai rana da lokaci shi ake nema.

Alhaji, batun dawowa fayau kuma akwai maganinsa: riɗi, zoɓo, citta da ƙiraga duk daga Arewa suke fita, kuma a kwantena suke tafiya. A cika su a Kano maimakon a kai su Legas a buhu a sake lodi.

Malamin jami'a: To gwamnati ta wajabta. Duk kwantenar Arewa ta bi dogo.

Mai tireloli: Kenya ta gwada. Ta tilasta kwantenar Mombasa ta bi sabon layin Nairobi, masu kaya da masu motoci suka yi ta ƙorafi da zuwa kotu, aka janye umarnin a 2022. Nan kuma a tuna harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ya tsayar da layin har Disamba. Hanyar mota in ta yanke akwai zagaye. Dogo babu.

Injiniyan dogo: Ni ma ban goyi bayan tilas ba, amma Alhaji akwai gyara a ɓangarenku. Ɓarnar da mota ke wa kwalta ba daidai da nauyi take ƙaruwa ba: in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan 16. Tirelar da aka ɗora wa tan 50 tana da arha ne don ba ita ke biyan gyaran hanyar ba. A sa sikeli a ƙofar tashar ruwa da masana'antun siminti, a riƙe iyakar nauyi, a nan ne farashin gaskiya zai fito. Suwizalan ma harajin manyan motoci ta sa a 2001 tare da gina dogo, ba umarni kaɗai ba.

Wakiliyar fiton kaya: In haka ne a fara da siminti, taki, alkama da kwantena, kayan da ba sa ruɓewa kuma suna tafiya da yawa wuri ɗaya. Tumatir da shanu a bar wa Alhaji tukuna. Injiniya, tsohon layin zai iya ɗaukar jirgi biyu a mako, Talata da Asabar, su tashi ko sun cika ko ba su cika ba?

Injiniyan dogo: Layin zai ɗauka, Hajiya, in akwai kan jirgi na ko-ta-kwana a Minna, da masu sintirin da za su bi dogon kafin kowane tashi, musamman da damina a yankin Jebba da Mokwa. Sai dai a watannin farko da jirgin zai riƙa tafiya rabin lodi, ribar hayaƙin da Malam ya lissafa za ta yi ƙasa sosai, kuma dole a samu wanda zai ɗauki asarar man har 'yan kasuwa su saba.