Neman shawara: kangon fili a bayan gidanmu a Bronx

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimake ni, kaina ya kulle. Muna zaune a Bronx da ke birnin New York, hawa na huɗu, ni da maigida da yara da surukata da muka ɗauko daga Maraɗi bara. Baiwar Allahn nan da ta saba sammakon zuwa lambu, yanzu wuni take a bakin taga, ko tuwo ba ta iya cinye malmala ɗaya. To akwai wani fili a bayan layinmu an kewaye shi da waya, ciki sai ciyawa da tsofaffin tayoyi da wata ruɓaɓɓiyar katifa, ɓeraye kuwa ba a magana. Wani maƙwabci ya ce na gwamnatin birni ne. Mu mata bakwai muka haɗa kuɗi muka sayi irin yakuwa da kuɓewa da rama, har mun fara kwashe shara ta inda wayar ta yage. Yanzu biyu sun janye, maigida kuma ya ce kar in jawo masa magana. Ga Afrilu ta ƙarato. Mu shuka ko mu haƙura?

Alhaji mai tasi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, dakata. Maganar maƙwabci ba takarda ba ce, kuma ko na birni ne, wace hukuma ke riƙe da shi? In na hukumar gidaje ne, gini suke jira. Hanya ɗaya ce: GreenThumb, shirin lambunan unguwa na gwamnatin birni da aka kafa a 1978, lambuna sama da 550 ke ƙarƙashinsa a New York. Ku kafa ƙungiya da rubutattun dokoki, ku nemi goyon bayan majalisar unguwa, a ba ku lasisi. Kuma dole ku buɗe wa kowa ƙofa awa 20 a mako daga Afrilu zuwa Oktoba. Ba gonar surukarki ba ce za ta zama.

Ɗan Kumasi:
Alhaji, in aka bi taka sai kuɓewar baɗi. Lambun da wata mata mai suna Liz Christy ta fara a layin Bowery nan New York a 1973 ba da izini aka fara shi ba, shara suka kwashe suka shuka, daga baya birni ya ba su haya a dala ɗaya a wata. Anti, ku shuka.

Alhaji mai tasi:
Yaro, ita 'yar ƙasa ce. A cikin matan nan ka san wadda takardunta ba su kammala ba? Shiga ta yagaggiyar waya kutse ne. Ko masu izini ba su tsira ba: a 1999 Giuliani, magajin garin New York na lokacin, ya sa lambuna sama da ɗari a gwanjo, sai da ƙungiyar mawaƙiya Bette Midler da wata ƙungiya suka saye su. Ina garin nan aka yi.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ni ƙasar ce damuwata. Irin filayen nan tsofaffin gidaje aka rushe, fentinsu da dalma, ta zauna a ƙasa. Ganye ƙura ke maƙale masa, yara kuma hannu baki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ku kai ƙasar a gwada, ku yi shuka cikin akwatunan katako da sabuwar ƙasa.

Hajiya 'yar Damagaram:
Ni dai na tuba da lambun taro. Rani guda ina jigilar ruwa a jarka, tumatir na nuna wata ta tsinke, mai riƙe da makulli kuma ba ta ɗaga waya. Har yau ba ma gaisawa.

Maman 'yan biyu:
Na gode, amma Alhaji ba mu muka yanke wayar ba, haka muka same ta. Shekara nawa ana zuba shara babu wanda ya ce kutse, sai da muka zo gyarawa? Batun ƙasa kuwa, Inna ta damƙa ta shinshina ta ce mai kyau ce, baƙa wuluk. Tun kafin a haife ni take noma.

Ma'aikaciyar jinya:
Dalma ba ta da wari, Yaya. Don Allah.

Alhaji mai tasi:
Turo min lambar filin da sunan layin ta akwati, yau zan duba miki mai shi.

Maman 'yan biyu:
Sai na tambayi maigida tukuna. Amma irin nan mun riga mun jiƙa shi, ba zai jira majalisa ba.

Ɗan Kumasi:
Anti, a wane shago kuka samu irin ramar? Na zagaye Harlem ban samu ba.