Wa ya taɓa zuwa Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa saboda annoba?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Ranar Asabar nake son kai iyali Eyam daga nan Sheffield. Wanda ya taɓa zuwa ya ɗan gutsura mana.

'Yar Zazzau: Wa alaikumus salam. Yaya, da farko dai "Iim" ake cewa. Ni "Iyam" na ce wa direban bas, ya yi ta kallona kamar na yi masa Fillanci. Ɗan ƙauye ne a Derbyshire, mutanensa wajen dubu, gidajen dutse a jere, tsauni a bayansu. Da can dalma suke haƙa. Abin da ya tsaya mini a rai allunan ƙofar gidaje ne, masu sunayen waɗanda annobar 1665 ta kashe a ciki. Kuma har yau akwai mutane a gidajen, da furanninsu a taga.

Dattijon Leeds: Cutar ta shigo ne a ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan, da ƙuma a ciki. Yaron telan, George Viccars, shi ya fara rasuwa a Satumba. A 1666 limamin cocinsu, William Mompesson, ya shawo kan jama'a kada kowa ya fita. Mutum wajen 260 suka mutu, har da matarsa Catherine. Kabarinta na harabar cocin St Lawrence. Ina tsaye a wurin sai hadisin nan ya faɗo mini, cewa idan annoba ta ɓulla a garin da kuke, kada ku fita.

Maman Biyu: Baba, ka je dutsen iyaka ta wajen Stoney Middleton, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Eyam? Akwai ƙananan ramuka a jikinsa, nan mutanen Eyam suke zuba ruwan khal a lokacin annobar su saka kuɗi, maƙwabta su ajiye musu abinci su koma. Yarana sai da suka zura yatsa a kowanne. Amma inda na kasa magana shi ne kaburburan Riley, can tsakiyar makiyaya. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'ya shida cikin kwana takwas, da hannunta. Ni uwa ce, ban iya daɗewa a wurin ba.

Bakatsine: Allahu akbar. Hajiya, keken jariri zai bi hanyar?

Maman Biyu: Cikin ƙauye dai. Gonaki kuwa taɓo ne da kashin tumaki, ka ce wa uwargida ta taho da zanen goyo.